Yara sun haddace f(x) amma sun kasa gane fonksiyo: ta ina zan faro?

Tambaya: Malam, ni sabon malami ne, bana aka ba ni ajin sekond, wato shekarar farko ta babbar sakandare, a wata lise a nan Garwa, ƙasar Kamaru, yara sun haura tamanin. Mun shiga babin dangantaka da fonksiyo. Na rubuta musu ma'ana a allo, sun kwafa, har sun haddace. In na ce su lissafa f(3), yawancinsu suna yi. Amma da na zana kibiyoyi na ce su nuna mini wanne ne fonksiyo wanne ne ba ita ba, sai aji ya yi tsit. Wasu ma ninka f suke yi da x. Ta ina zan ɓullo wa lamarin?

Amsa: Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya dafa maka. Yaron da ya lissafa maka f(3) bai nuna ya gane fonksiyo ba. Abin da ya nuna shi ne ya iya cire harafi ya sa lamba a gurbinsa, kuma wannan ya daɗe yana yinsa tun kafin ya zauna jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare. Sabon abin da babin nan ya kawo tambaya ce guda: in na ba ka wannan abu, amsa ta tabbata, ko da sauran zaɓi? In amsa ɗaya ce tak, fonksiyo ce. In za a iya ba da amsa biyu kuma duka daidai, dangantaka ce kawai. Shawarata ka ajiye alamar f(x) gefe na darasi biyu ko uku, ka sa yara su yi ta amsa wannan tambaya a kan abubuwan da suka sani ciki da bai. Za ka ga kamar kana ɓata lokaci, alhali shi ne zai rage maka wahala har ƙarshen shekara.

Ka faro daga gida. Zana gida guda a allo, na ƙirƙira, kada ka ɗauki gidan wani yaro a aji, domin akwai marayu, akwai kuma waɗanda iyayensu suka rabu, bai kamata darasin lissafi ya fama wa kowa miki ba. A hagu ka jera 'ya'ya biyar, a dama uwargida da amarya. Ka ce kibiya na nufin "mahaifiyarsa ita ce". Uku za su sauka kan uwargida, biyu kan amarya. Ka tambaya: akwai ɗan da kibiya biyu suka fita daga gare shi? Za su yi dariya, don kowa ya san mutum ba ya da uwa biyu da suka haife shi. To ka ce musu sunan wannan abu fonksiyo. Nan take wani zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai kibiya uku sun haɗu wuri ɗaya." Wannan yaron ya yi maka rabin aiki, kada ka yi saurin ba shi amsa, ka mayar wa aji tambayar su yi ta gardama. Abin da kake so ya fito daga bakinsu shi ne doka tana kallon inda kibiya ta tashi, ba ruwanta da yawan waɗanda suka sauka wuri guda. Daga nan ka juya kibiyoyin, su tashi daga iyaye mata zuwa 'ya'ya, ma'ana "ɗanta shi ne". Mutanen su ne dai, gidan bai canza ba, amma in aka ce wane ne ɗan uwargida, amsa uku ce. An fita daga fonksiyo an koma dangantaka zalla.

Ka maimaita da taswira. Garwa da Gidar suna jihar Arewa. Marwa, Mokolo da Kusiri suna Arewa Mai Nisa. Ngaundere, Meiganga da Tibati suna Adamawa. Daga gari zuwa jiha amsa ɗaya ce, daga jiha zuwa gari amsoshi da yawa. Ka kuma gwada ranar haihuwa: kowane yaro rana ɗaya aka haife shi cikin bakwai ɗin mako, sunaye irin su Ladi, Talatu, Lami da Jummai ma shaida ne. Ka tambaye su ko zai yiwu a aji mai mutum tamanin a rasa biyu da suka haɗa rana. Za su gane da kansu cewa da an kai mutum takwas dole a yi karo.

Akwai wani wuri da ya kamata kai malami ka tsaya ka tantance, musamman mu da muke bakin iyaka, yara suna aron littattafai da bidiyo daga Najeriya, ga kuma makarantu masu bin tsarin Ingilishi a cikin ƙasarmu. A yadda aka saba koyarwa a tsarin Faransanci, fonksiyo ita ce wadda kowane ɗan rukunin tashi, wato ɓangaren da kibiyoyi ke fitowa, yake da kibiya ɗaya ko kuma babu, wato ba ta wuce ɗaya. Wadda kowa da kowa yake da kibiya ɗaya, babu wanda aka bari, ita ake kira aplikasiyo. Littattafan Ingilishi kuwa yawancinsu suna sharɗanta wa fonksiyo cewa kowa sai ya samu kibiyarsa. Saboda haka zane guda zai iya zama daidai a littafin nan ya zama kuskure a wancan. Ka nuna musu bambancin da gidan nan: ɗauki dukan matan gida, manya da yara, kibiya na nufin "mijinta shi ne". Babu mai kibiya biyu, amma 'yan mata ba su da ko ɗaya. Fonksiyo ce, ba aplikasiyo ba ce. In ka cire 'yan matan daga rukunin tashi, ta zama aplikasiyo. Ka ga ka koyar da batun lambobin da fonksiyo ke karɓa tun kafin ka rubuta 1/(x − 2), kuma ranar da ka rubuta ta za ka ce musu 2 ce ba ta da kibiya, a cire ta.

Ga wani aiki don masu kaifin kai da ke gamawa da wuri su dami aji da surutu. Rukunin tashi mutum uku, rukunin sauka abu biyu. Zane nawa daban-daban za a iya yi? Kibiyoyin da za su iya kasancewa shida ne, kowace ko a zana ta ko a bari, don haka dangantaka 64 ce. A cikinsu 27 ne fonksiyo, tun da kowane mutum yana da zaɓi uku: wannan, wancan, ko babu. Aplikasiyo kuwa 8 ce kacal. Kada ka ba su lambobin, ka bar su su zana takwas ɗin da hannunsu. Zai yi musu amfani a babin ƙirga na ajin firemiya, wanda za su shiga badi.

Yanzu ka shigo da lamba, kuma ka shigo da ita ta kasuwa. Duk yaron da aka taɓa aika cefane ya san dala ashirin sefa 100 ce, dala hamsin 250, dala ɗari biyu jaka guda. Wannan fonksiyo ce da yake aiki da ita a ka tun yana ƙarami: ninka da biyar. Ka yi tebur a allo, dala a sama, sefa a ƙasa, su cike da baki. Sannan ka yi musu tambayoyi biyu masu kama da juna: dala 30 sefa nawa, sefa 30 dala nawa? Ta farko 150, ta biyu 6. Ta farko ita ce neman imaj, wato inda kibiya ta sauka, ta biyu neman antesedan, wato inda ta taso, kuma waɗannan biyun ne yara suka fi cakuɗawa a jarrabawa. Neman imaj lissafi ne kai tsaye, ka sa lamba ka samu amsa. Neman antesedan komawa baya ne, sai an warware 5x = 30. In suka riƙe wannan a kan dala, za su riƙe shi a kan x² − 1.

Sai ka jefa musu wata: naira dubu sefa nawa ce? Waɗanda iyayensu ke kasuwancin Mubi ko Yola za su ce ya danganta da ranar, ya danganta da ɗan canji. Madalla. Ke nan adadin naira shi kaɗai bai isa ya tabbatar da amsa ba, sai an tsayar da farashin canji. Yuro kuwa a tsaye yake, sefa 655.957 kowace rana, don haka daga yuro zuwa sefa fonksiyo ce ba gardama. Misali irin wannan, na abin da ya yi kama da fonksiyo amma ya gaza, ya fi misalai goma masu kyau koyar da yaro.

Game da masu ninka f da x, kada ka yi musu faɗa. Shekara da shekaru muna gaya musu cewa in lamba ta jingina da baka, kamar 2(x + 1), ninkawa ake yi. Yau kuma mun rubuta f(x) mun ce ba haka ba ne. Yaron biyayya ya yi wa abin da aka koya masa. Maganin shi ne ka fara da cikakken suna kafin harafi. Rubuta jiha(Marwa) = Arewa Mai Nisa. Rubuta sefa(20) = 100. Babu wanda zai ninka jiha da Marwa. Bayan sun saba, ka ce hannunka ya gaji da rubutu, ka gajarta zuwa j(Marwa) da s(20), daga nan s(x) = 5x. Harafin f ya zo daga ƙarshe, kuma ka riƙa sauya shi, yau g, gobe h, wani lokaci ka sa t a madadin x, don kada su ɗauka albarkar tana cikin harafin. Ka kuma tilasta musu karanta f(3) = 7 da cikakkiyar jimla, "imaj ɗin 3 ta hanyar f shi ne 7", sannan su juya ta, "3 antesedan ne na 7".

Malamai da yawa suna kwatanta fonksiyo da injin niƙa: ka zuba abu ta sama, wani abu ya fito ta ƙasa. Kwatancen yana da amfani a ranar farko, don yana nuna cewa f aiki ce, f(x) kuwa abin da aikin ya fitar. Amma kada ka zauna a kansa. Yana sa yaro ya ɗauka dole sai an sarrafa x an yi mata lissafi, sai ya ƙi yarda cewa f(x) = 4 fonksiyo ce tun da babu x a ciki, ya kuma ƙi yarda da duk abin da ba shi da formil, wato rubutacciyar ƙa'idar lissafi irin 5x.

Wannan tunani ba na yara kaɗai ba ne, manyan masana ma sun daɗe a kansa. Leibniz ya yi amfani da kalmar a rubutunsa na 1673, Euler ya kawo alamar f(x) a 1734, kuma a zamaninsu abin da aka fi nufi da fonksiyo shi ne jimlar lissafi da aka gina da x. Sai a ƙarni na sha tara, da ayyukan irin su Dirichlet wajen 1837, ra'ayin ya zauna cewa abin da ake buƙata kawai shi ne kowace x ta samu y ɗinta guda, ko da formil ko babu. Abin da ya ci wa masana fiye da shekara ɗari muke so yaro ɗan shekara goma sha shida ya haɗiye cikin awa guda. A ƙarshen shekarun 1960 Faransa ta gwada farawa da rukunai da dangantaka tun daga ƙananan azuzuwa, abin da aka kira lissafin zamani, iskarsa ta kaɗo har makarantun ƙasashenmu, daga baya kuma ita kanta ta ja da baya. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne zanen kibiya ƙofa ce mai kyau, amma ba a kwana a bakin ƙofa. Darasi biyu ko uku sun isa, sai a wuce zuwa tebur da kurbu, wato layin da ake zanawa don nuna fonksiyo.

Misalin da na fi so a babin nan gaba ɗaya shi ne zakkar awaki da tumaki, don yara da yawa sun karanta ta a makarantar allo ko islamiyya ba su taɓa tunanin lissafi ba ne. In shekara ta zagayo, mai ƙasa da 40 babu komai a kansa. Daga 40 zuwa 120 akuya ɗaya. Daga 121 zuwa 200 biyu. Daga 201 zuwa 399 uku. Daga 400 kuma kowane ɗari akuya ɗaya. Ka rubuta wannan a allo, ka bayyana shi a taƙaice don yaran da ba Musulmi ba su ma su bi, sannan ka tambaya: mai 39 nawa zai fitar, mai 40 fa, mai 120, mai 121? Kowane adadi amsarsa ɗaya, ba a taɓa cewa ko ɗaya ko biyu. Fonksiyo ce cikakkiya, amma babu formil guda da aka rubuta mata, kuma babu wanda ya rasa yadda zai yi aiki da ita. Sai ka juya: wani ya fitar da akuya ɗaya, garkensa nawa ne? Ba za a iya sani ba, don lamba 1 tana da antesedan 81, daga 40 har 120. Ka sa su zana ta. Za su samu matakala, kuma a nan za a yi muhawara mai daɗi: a haɗa ɗigogin da layi ko a bar su? Babu mai akuya arba'in da rabi, don haka ɗigo-ɗigo ne. Mafi yawan yara suna haɗa ɗigo da layi ba tare da tunani ba, don abin da suka ga ana yi ke nan. Ka saba musu da tambayar kansu ko akwai wani abu a tsakanin ɗigo biyu kafin su ɗora rula.

Don fonksiyon da ake haɗa ɗigoginta, ka kawo ruwa aji. Ƙaramin tulu, babban gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, kofin shayi, busasshen kara da rula. Kafin ka zuba komai, kowane benci ya zana hasashensa: yawan kofuna a kwance, tsayin ruwa a tsaye. Ka zagaya ka duba. Za ka tarar da yawa sun zana siffar tulun kanta, layi ya kumbura a tsakiya ya tsuke a sama, wasu ma layinsu ya koma baya. Kada ka ce komai. Ka kira yaro ɗaya yana zuba kofi-kofi, ɗaya yana tsoma kara yana auna inda ya jiƙe, na uku yana rubutawa a allo. A gwangwani kowane kofi ƙarin tsayi iri ɗaya yake bayarwa, layi ya fito a miƙe. A tulu ruwa yana hawa da sauri a gindi, ya yi nawa a ciki inda ya fi faɗi, ya sake zabura a wuya. Layin bai taɓa saukowa ba, don ruwa ba ya raguwa in ana ƙara shi. A nan yaro zai gane cewa kurbu ba hoton abu ba ne, labarin yadda adadi biyu ke tafiya tare ne. Ba ka ambaci derive ba, wato ma'aunin saurin hawa ko saukar fonksiyo, amma ka shuka ta, don "nan yana hawa da sauri, nan a hankali" shi ne abin da za a ba suna badi. Manhajarmu ta yanzu tana so darasi ya taso daga yanayin rayuwa, kuma a ganina wannan ya fi labaran da ake ƙagowa na wani manomi da ke son sanin f(x), wanda yara da kansu sun san babu shi.

Ka nuna musu jadawalin lokutan shan ruwa na azumi ma: kowace rana lokacinta ɗaya, tebur ne kawai, kuma fonksiyo ce. Haka tsayin ruwan Binuwai a ƙarƙashin gadar Garwa, da ke cika wajen Agusta da Satumba ya janye da rani. Su zana siffarsa a shekara da ƙiyasi, su nuna inda yake hawa, inda yake sauka, da inda ya kai ƙololuwa. Teburin hawa da sauka da za ka koyar mako mai zuwa ke nan.

Misalin dala yana da haɗari ɗaya da ya kamata ka toshe da wuri. A ninkawa da biyar, in ka ninka dala sefa ma ta ninku, kuma sefar dala 10 da ta dala 20 in aka haɗa ita ce sefar dala 30. Yara sukan ɗauka kowace fonksiyo haka take, daga nan ake samun f(a + b) = f(a) + f(b), cutar da ke bin wasu har tarminal, ajin ƙarshe na lise, inda za ka ga an raba tushen a + b gida biyu. Ka karya ta da lamba. A x², f(2 + 3) 25 ce, f(2) + f(3) kuwa 13. Ka kuma karya ta da ciniki. A ce mai albasa ya ɗauki hayar mota sefa 15,000, ko buhu nawa ya loda kuɗin ke nan, kuma yana samun 2,000 a kan kowane buhu. Abin da ya rage masa shi ne 2000x − 15000. Buhu 10 ya tashi da 5,000. Ka tambaye su buhu 20, kafin su lissafa. Za su ce 10,000. Amsa 25,000 ce. Su nemi kuma inda ya daina faɗuwa: a buhu 7 yana asarar 1,000, a buhu 8 ya ci 1,000. Lissafi ya ce bakwai da rabi, kasuwa ta ce takwas, kuma yana da kyau yaro ya san ya bayyana dalilin bambancin.

Dabarar nan ta jan layi a tsaye don gane ko zane fonksiyo ce, kada ka ba su ita a matsayin doka, don za su haddace ta su manta ko a tsaye ne ko a kwance. Ka ba su x² + y² = 25, su nemi lambobin da suka dace. Za su samu 3 da 4, 4 da 3, 0 da 5, 5 da 0. Ka jira har wani ya ga cewa 3 da −4 ma sun dace. To x = 3 tana da kibiya biyu. Su sa ɗigon biyu a takarda, za su ga ɗaya yana saman ɗaya. Layin tsaye su ne za su gano shi, kuma za su san daga ina ya fito. Su gwada x = 6, su ga ba ta da kibiya ko ɗaya.

Siffofin dangantaka ba sa buƙatar dogon lokaci a wannan aji. "Uwarsu ɗaya" tana tafiya gaba da baya kuma tana ƙetarawa daga na farko zuwa na uku, don haka tana raba 'ya'yan gida ɗaki-ɗaki. "Ya girme shi" tana ƙetarawa amma ba ta juyawa. "Maƙwabcinsa ne" tana juyawa amma ba ta ƙetarawa, maƙwabcin maƙwabcinka ba lallai naka ba ne. Wannan ya wadatar har su je tarminal C su haɗu da ragowar rabawa.

Haɗa fonksiyo biyu da juya ta galibi aikin firemiya ne, amma ba laifi ka ɗanɗana musu. Uwar uba da uban uwa mutum ɗaya ne? Ɗaya mace ɗaya namiji, ɗaya dangin uba ɗaya dangin uwa. Ayyukan biyu su ne dai, jerin ne ya bambanta. Da lamba: ɗauki 5, ƙara 3 sannan ka ninka biyu, 16, ninka biyu sannan ka ƙara 3, 13. Wajen juyawa kuma, masu ɗaukar f⁻¹ a matsayin 1/f ka mayar da su kasuwa: juyin sefa 100 dala 20 ne, babu wanda zai ce ɗaya bisa ɗari biyar. Ɗakin jarrabawa kuma yana bayyana enjeksiyo da sauransu cikin minti biyar: kowane ɗalibi teburinsa shi kaɗai, enjeksiyo ke nan, in kuma babu teburin da ya rage fanko an samu bijeksiyo. Ajinka na yau, inda mutum uku ko huɗu ke matse a benci guda, shi ne misalin wadda ba enjeksiyo ba.

Batun harshe, kada ka ji kunyar barin yara su yi gardama da Hausa ko Fulatanci a bencinsu. Abin da zai shiga littafi da takardar jarrabawa dole Faransanci ne, amma yaron da ya iya gaya wa abokinsa "kowa amsarsa ɗaya, sai dai mutum da yawa suna iya haɗa amsa" ya riga ya gane, saura a tufatar da maganarsa. Ka kula da kalmomin "aƙalla ɗaya", "bai wuce ɗaya ba" da "ɗaya tak" a Faransanci, don dukan ma'anonin babin a kansu suke rataye, kuma yara da yawa a nan suke tuntuɓe ba a lissafin ba. Ka ware minti goma kan su kaɗai.

Da mutum tamanin ba za ka iya duba littafin kowa kullum ba. Ka dawo da ƙaramin allon hannu irin na firamare, ko takarda guda kowane benci. Ka yi tambaya, ka ƙirga uku, kowa ya ɗaga lokaci guda. Da kallo ɗaya za ka san ko rabin aji ya ɓace. Manhajar zanen lissafi ta GeoGebra kyauta ce kuma tana aiki a waya, ka yi amfani da ita wajen shirya zanenka a gida, amma yara su fara zana kurbu da hannu ɗigo bayan ɗigo, aƙalla na x², na 1/x da na tushen x.

A gwajin da za ka yi musu, ka rage "lissafa f(2)" zuwa tambaya ɗaya ko biyu. Sauran su zama na sauya kama: ga tebur, zana kurbu, ga kurbu, ba da labarinsa da kalmomi, ga labari, rubuta formil, ga zane, karanta imaj ɗin 2 da dukan antesedan na 2. Ka sa guda wadda su ne za su ƙirƙira, misali "kawo fonksiyon da lamba 4 ke da antesedan aƙalla uku a cikinta". Wani zai zana kibiyoyi, wani zai zana layi mai hawa da sauka da ya ratsa tsayin 4 sau uku, wani zai ɗauko zakka ya ce daga 400 zuwa 499. Waɗanda suka zana kibiya uku suna fita daga 4 sun juya alƙibla, ka tara su ka sake zama da su rabin awa. In kuma wani ya rubuta maka f(x) = 4 ya ce kowace lamba antesedan ce, ka ba shi makinsa cif, ko da ba ita ce amsar da ka tanada a takardar gyaranka ba.